Daga Kasuwar Shanu zuwa Gomari: Ina rabon ƙananan mahauta a tallafin gwamnati?

Naman da ke shiga tukunya a Gomari da hantsi, tun da asuba yake fara tafiyarsa daga wani gefen gari. Gomari tana yammacin Maiduguri, daura da filin jirgin sama, a cikin ƙaramar hukumar Jere. Babbar mayankar birnin kuwa tana can wajen Kasuwar Shanu, ta ɓangaren hanyar da ta nufi Dikwa da Gamboru Ngala. Mahaucin da ke da tebur a Gomari, in yana son naman da likitan dabbobi ya duba, sai ya yi sammako ya keta gari, ya jira a yanka, a feɗe, a raba, sannan ya ɗora kasonsa a Keke Napep ya juyo. Tun 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri saboda tsaro, don haka keken nan mai ƙafa uku shi ne motar nama, shi ne kuma motar fasinja.

Wanda jarinsa bai wuce akuya ɗaya ko tumaki biyu ba, in ya yi lissafin kuɗin zuwa da dawowa, sai ya ga ribar ta ƙare a hanya. Abin da yakan biyo baya sananne ne a unguwannin gefen kowane babban gari na Arewa: a kayar da dabba a bayan gida ko a wani kango, a feɗe a ƙasa, a wanke kayan ciki da ruwan jarka ɗaya, jini ya bi kwata. Babu likitan da ya ga hantar, babu wanda ya taɓa huhun. A wannan lokaci da gwamnatoci ke ta maganar biliyoyin da za a zuba a harkar kiwo da nama, ya dace a tambaya: me zai iso hannun wannan mahaucin?

Dabba tamu, riba ta wasu

Borno na sahun gaba cikin jihohin da suka fi arzikin dabbobi a Najeriya. Nan ne gidan shanun Wadara na Larabawan Shuwa, da jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho, da shanun Kuri na tsibiran Tafkin Chadi. Nan ake samun ragunan Balami da ake rububinsu a Kano da Legas duk lokacin Babbar Sallah, ga dogayen awakin Sahel, ga raƙuma waɗanda ake yankawa a mayankar Maiduguri kamar yadda ake yanka shanu. Jihar ta yi iyaka da ƙasashe uku, Nijar da Chadi da Kamaru, kuma ta Gamboru Ngala da Banki da Damasak dabbobi suka saba kwararowa tun kaka da kakanni.

Amma mafi yawan wannan dukiya da ranta take barin jihar. Ana loda shanu a tirela, su yi tafiyar da ta haura kilomita 1,500 kafin su isa mayankar Oko-Oba da ke Agege a Legas. Kwanaki suke yi a tsaye cikin rana da ƙishirwa, suna ramewa, wasu su karye, wasu a yanka su a bakin hanya don kada su yi mushe. A kowane shinge kuma sai an miƙa wani abu. Duk san da ya tafi haka, ya tafi da fatarsa da ƙahonsa da ƙashinsa da kayan cikinsa, ya kuma tafi da aikin mai fiɗa, da mai wankin tumbi, da mai babbaka, da mai dako. Can ake cin wannan moriyar.

Magabata sun hango haka. Layin dogo ya iso Maiduguri a 1964, kuma ɗaukar dabbobi da fatu na cikin abin da aka sa rai zai riƙa yi. An kafa masana'antar jima da takalma ta Neital a cikin birnin domin fatar Borno ta zama takalmi a Borno. Jirgin ƙasa ya daɗe da daina zuwa, masana'antar ta sha tsayawa da tashi. Wanda bai taɓa rufe ƙofa ba shi ne mahaucin unguwa.

Sana'ar da ta ga tasku

Babu wanda zai fahimci halin da mahautan Maiduguri ke ciki sai ya tuna abin da ya wuce a kansu cikin shekarun rikicin Boko Haram. A watan Yunin 2015 bam ya tashi a harabar mayankar da ke Kasuwar Shanu, ya hallaka mutane a daidai lokacin da ake tsakiyar hada-hada. A watan Maris na 2016 gwamnatin Kashim Shettima ta dakatar da ciniki a kasuwannin shanu huɗu, wato Gamboru da Dusuman da Shuwari da Ngom, bayan da ta bayyana cewa mayaƙan na sayar da shanun sata ta hannun wasu 'yan tsakani domin samun kuɗi. An hana sayar da busasshen nama, an kuma tsaurara sharuɗɗan shigo da shanu cikin gari. Dalilin tsaro ne, kuma dalili ne mai ƙarfi, amma wanda ya kwana da yunwa a sanadinsa shi ne mai tebur da yaransa.

A watan Janairun 2021 aka fasa turakun wutar lantarki da ke kan layin Damaturu zuwa Maiduguri. An gyara, aka sake fasawa, birnin ya yi watanni masu yawa cikin duhu. Sai a watan Maris na 2023 aka buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, rashin wuta na nufin naman da aka yanka da safe dole a rabu da shi kafin la'asar ko nawa aka taya. Masu tsire da balangu da masu gidajen abinci sun san haka, shi ya sa wasunsu ke jira sai rana ta karkata. Sana'ar fawa gaba ɗayanta a kan wannan gaggawar take tsaye: abin da aka yanka yau, yau za a sayar.

A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin tirela da na Keke Napep suka yi tashin gwauron zabi, farashin dabba ya bi su. Ana cikin haka, ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da kasuwanni, har da Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday. Wannan ambaliya ta nuna wani abu da ya kamata masu tsara gari su riƙe: birni mai girman Maiduguri, wanda ya ƙara cika da 'yan gudun hijira, bai kamata naman da yake ci ya rataya a kan wuri ɗaya ba.

Alkawura masu nauyi

Ba za a ce gwamnati ta yi shiru ba. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, ya kuma naɗa kwamitin gyaran harkar kiwo wanda Farfesa Attahiru Jega ke cikin jagorancinsa. Daga baya Idi Mukhtar Maiha ya zama minista. Tun kafin nan, a 2022, Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin shirin L-PRES, wanda aka tsara don inganta lafiyar dabbobi da kasuwanninsu da wuraren yanka a jihohin da suka shiga. A watan Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanin JBS na Brazil, ɗaya daga cikin mafiya girman kamfanonin nama a duniya, wanda ya yi alkawarin zuba dala biliyan 2.5 don gina masana'antu shida, biyu daga ciki na naman shanu. A Borno ma gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta gina matsugunin makiyaya a Ngarannam da ke ƙaramar hukumar Mafa, wanda aka buɗe a 2025.

Duk waɗannan abin maraba ne. Sai dai tarihi yana da abin faɗa game da manyan gine-gine. Tun shekarun 1960 aka kafa masana'antar nama ta Bauchi, da niyyar a yanka a Arewa a kai nama mai sanyi Kudu. Ta yi tashe, sannan ta durƙushe, gwamnatoci suka yi ta alkawarin tayar da ita. A 2016 an yi bikin ɗaukar shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Legas, abin bai ɗore ba. Babbar masana'anta tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, da ɗaruruwan shanu kowace rana, da motocin sanyi, da hanya mai lafiya. Ɗaya daga ciki ya kuskure, sai a rufe ƙofa, injuna su yi tsatsa. In kuma ta yi nasara, kasuwarta manyan kantunan Abuja da Legas ne da ƙasashen waje. Matar da ta aiki yaro ya sayo mata nama da ɗan ƙashi na miyar kuka a Gomari ba ta cikin lissafinta.

Ƙasashen da suka riga mu bin wannan hanya suna waiwaye. A Amurka kamfanoni huɗu ne ke riƙe da kusan kashi 85 cikin 100 na sarrafa naman shanu. Da annobar korona ta rufe wasu daga cikin manyan mayankunsu a 2020, nama ya yi tsada a kanti, makiyaya kuma suka rasa inda za su kai dabbobinsu. A watan Janairun 2022 gwamnatin Joe Biden ta ware dala biliyan 1 domin tallafa wa ƙanana da matsakaitan masu yanka da sarrafa nama. Abin da suke kashe maƙudan kuɗi su farfaɗo da shi, mu muna da shi a raye a kowace unguwa. Gyara kawai yake jira.

Aikin wane ne?

Mutane da yawa ba su san cewa Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya fayyace wannan batu ba. A jadawalinsa na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, an ambaci kafa mayanku da dandamalin yanka da kula da su da tsara aikinsu, a layi ɗaya da kasuwanni da tashoshin mota. Ke nan wurin yanka a Gomari haƙƙi ne da ke wuyan ƙaramar hukumar Jere tun kafin a zo kan jiha ko tarayya.

Shekara da shekaru uzurin ƙananan hukumomi shi ne kuɗinsu na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyansu kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya a faɗin ƙasar, amma ya ba talaka hujjar da zai tsaya a kai ya tambayi kansilansa. Mahauta kuwa suna da tasu hujjar da ta fi ta kowa: duk dabbar da ta shiga mayanka sai an biya mata kuɗin yanka an karɓi rasit. Ƙorafin da ake ji a bakin mahauta daga Sakkwato har Maiduguri iri ɗaya ne, cewa kullum ana karɓa, amma ba a ganin abin da aka yi da shi.

Abin da ƙaramar mayanka ke buƙata

Wurin yanka na unguwa ba ya neman injunan da sai an kira Bature ya gyara. Abu na farko ruwa ne: rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki a sama, domin fiɗa da wankin tumbi da hanji da goge dandamali duk ruwa suke sha. Na biyu daɓen siminti mai gangara da magudana, yadda jini da ruwan wanki za su bi hanya ɗaya su faɗa ramin da aka rufe. Na uku ƙarfen rataya da ƙugiyoyi, domin da zarar an ɗaga dabba daga ƙasa aka feɗe ta a rataye, an raba nama da ƙasa da kashi, kuma fata na fita ba tare da wuƙa ta huda ta ba. Fatar da ba ta da huji majema sun fi sayenta da daraja. Sai rumfa da katanga, da turke mai inuwa da kwamin ruwa inda dabba za ta huta kafin yanka. Wannan ya dace da abin da addini ya koyar na kyautata wa dabba, a wasa wuƙa, kada a wahalar da ita.

Bayan waɗannan sai sanyi. Ɗakin sanyi ɗaya mai aiki da hasken rana, wanda ƙungiyar mahauta za ta riƙe tana karɓar ɗan abin ajiya a kan kowane kilo, zai sauya lissafin sana'ar gaba ɗaya. Mahaucin da ya san namansa zai kwana lafiya ba zai karyar da shi da yamma ba, ba kuma zai yi sha'awar cusa wa mai saye wanda ya fara sauya launi ba. Rana kuwa ita ce abin da Borno ba ta taɓa rasawa ba.

Mafi muhimmanci shi ne mutum: malamin dabbobi da zai tsaya kowace safiya ya duba dabba tana raye, ya kuma duba ta bayan yanka. Jami'ar Maiduguri tana da tsangayar likitancin dabbobi, kuma malamanta da ɗalibanta sun daɗe suna bincike a babbar mayankar gari a kan tarin fuka na shanu, da bakkale, da tsutsar hanta, da asarar da ake yi ta hanyar yanka dabbobi masu ciki. Wasu daga cikin waɗannan cututtuka na kama mutum, kuma mai wuƙa a hannu shi ne na farko a layi. Ɓullar cutar saifa a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023 ta tuna wa kowa haka. Amma dubawa ba za ta yi aiki ba sai da diyya. In likita ya ce a binne sa guda, jarin mutum ke nan ya shiga rami. Muddin babu asusun da zai rage masa asara, zai gwammace ya yanka inda likita ba zai gan shi ba.

Inda gizo ke saƙa

Akwai masu adawa da yawaita ƙananan wuraren yanka, kuma maganarsu abin saurare ce. Suna cewa ko babbar mayanka ɗaya ma an kasa tsaftace ta, ruwan ƙazantarta na gangarawa kogin Ngadda, to ina ga an watsa goma a gari? Suna kuma tuna abin da ya faru a 2016, cewa wuri ɗaya ya fi sauƙin sa ido a kan shanun sata. Amsar ita ce, yankan unguwa yana gudana ko an yarda ko ba a yarda ba. Zaɓin da ke gaban hukuma shi ne ta bar shi a ɓoye, ko ta fito da shi fili inda akwai rajista, da sunan dillalin da ya sayar, da shaidar kasuwar da dabba ta fito. Manyan shanu da raƙuma za su iya ci gaba da bi ta babbar mayanka, awaki da tumaki su sami wurinsu a kusa da masu ci.

Gomari tana da wata matsala tata ta daban, wato maƙwabtaka da filin jirgin sama. Duk inda jini da tarkacen nama suka taru a fili, shirwa da hankaka da ungulu za su yi ta shawagi, tsuntsu kuma babban haɗari ne ga jirgi a lokacin tashi da sauka. Ƙa'idojin sufurin jiragen sama na duniya sun yi gargaɗi game da kafa irin waɗannan wurare kusa da filin jirgi. Saboda haka duk wani shiri dole a zauna da hukumomin filin kafin a sa tubali. Mai yiwuwa a ɗan matsa da dandamalin yankan nesa, rufaffe, ba a barin komai a waje, sannan a ba Gomari ɗakin sanyi da rumfunan sayar da nama masu raga da famfo, da ƙaramar motar sanyi da za ta riƙa kawo kaso. Wannan dalilin ma ya ƙara nuna haɗarin yankan bayan gida da ake yi ba tsari.

Jari da kasuwa

Gini kaɗai ba ya ɗaga mahauci. Yawancinsu a kan bashi suke aiki: dillali ya ba da dabba da safe, a kawo kuɗi da yamma ko bayan kwana biyu, kuma farashin bashi ba ɗaya yake da na kuɗi hannu ba. Da yawansu ba za su kusanci rancen banki ba saboda gudun kuɗin ruwa. Tunda akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ, gwamnati za ta iya tsaya wa ƙungiyar mahauta, banki ya sayi dabba ko firiza ya sayar musu da ribar da aka yi yarjejeniya a kai, su biya sannu a hankali. Sarkin fawa da dattawan sana'a sun san wanda ke cika alkawari da wanda ba ya cikawa fiye da kowane jami'in banki. A sa su a gaba tun daga tsara shirin, kada a kira su sai ranar yanke ƙyalle.

Akwai kuma waɗanda ba a cika lissafawa ba in ana maganar nama: masu kilishi, da matan da ke dambun nama a cikin gida, da masu dafa kai da ƙafa da ganda da ragadada. Kilishi shi ne dabarar kakanninmu ta adana nama a ƙasar zafi, kuma yana tafiya ko'ina ba tare da firiza ba. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi wa kilishinta rajista a hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, domin sunansa ya zama abin tinƙaho a kasuwar duniya. Abin da mai kilishin Gomari ke buƙata bai taka kara ya karya ba: wurin shanya mai raga da zai hana ƙuda da ƙura, injin liƙe leda, da wanda zai riƙe hannunsa ya sami lambar NAFDAC. Jiragen da ke tashi daga bayan gidansa zuwa Abuja da Legas za su iya ɗaukar kayansa.

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ake nema a nan ɗan kaɗan ne in aka gwada shi da kuɗin da ake ambata a Abuja, amma ba zai zo da kansa ba. Mahautan Gomari da Bulumkutu da sauran unguwannin yammacin gari su ƙidaya kansu, su rubuta yawan dabbobin da suke yankawa a mako da abin da suke biya, su kai takardar ga kansila da shugaban ƙaramar hukumarsu da ofishin L-PRES na jiha. Ƙaramar hukuma ta ba da fili ta sa aikin a kasafinta, jiha ta turo malamin dabbobi ta kafa asusun diyya, shirin tarayya ya biya kuɗin rijiya da ɗakin sanyi. Kuɗin yankan da za a riƙa karɓa kuma a bar wani kaso sananne a wurin don gyara, a liƙa lissafinsa a bango kowa ya gani. In aka yi guda ɗaya ya tsaya da ƙafarsa shekara biyu, sauran unguwanni da kansu za su zo neman nasu.